Sa Hannu Biyu Cikin Uku

Trondheim, tsakiyar Janairu

Zuwa ga Babana abin ƙaunata,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya. Yaya gwiwar? Ina fata kana yin tattakin da likita ya ce, ba zama kawai kake yi a bakin taga kana kushe yaran da ke tuƙa jirgin fito yanzu ba. Yaya sanyin tsibirin Frøya? Mu nan ƙanƙara ta toshe ƙofar gareji, surukinka Steinar ya kwashe ta har bayansa ya riƙe. Oda tana gaishe da kakanta, ta ce safar da ka aiko ta yi mata yawa, amma ba za ta ba kowa ba.

Na zaɓi takarda ne saboda hirarmu a waya rabinta "me kika ce" ne, abin da ke raina kuwa ba na ɗaga murya ba ne.

Ranar Kirsimeti ka tambaye ni abin da ya ramar da ni, na ce aiki. Ban yi ƙarya ba, amma ban ƙarasa ba. Ka san Kelda, kuɗin intanet ɗin da ni da Eskil, abokina tun yarinta, muka daɗe muna gina manhajarsa, wanda kake kira kuɗin aljanu. Duk aiken kuɗin da mutane suka yi ana tara shi ne a ƙunsa wuri guda, mu ce masa bulo, a ɗora shi kan wanda ya gabace shi. Kowane bulo yana da iyakar abin da zai ɗauka, kamar jirginka a da: in ya cika, sauran motoci su jira sahu na gaba. Da can wuri ya ishi kowa. Yanzu layi ya yi tsawo, kuma wanda ya fi biyan kuɗin aike shi ke fara shiga. Mai sayen kofi da burodi ya bar mu, don kuɗin aiken ya fi kofin tsada.

Eskil ya ce a ninka girman bulon sau huɗu. Joris, abokin aikinmu na garin Utrecht da ba ka taɓa gani ba, ya ce ko taɓa shi kada a yi. Kuma ba maganar banza yake yi ba. Abin da ya hana wani ya mallake Kelda shi ne dubban mutane da ke ajiye cikakken kwafinsa a kwamfutocin gidajensu suna duba kowane bulo. Shaidu muke ce musu. In bulo ya yi nauyi, ƙananan kwamfutoci za su gaza, shaidu su ragu, a bar fili ga manyan kamfanonin haƙa, masu rumbunan injunan da ke ƙera bulon.

Ba mu da shugaba. Dokarmu ita ce sabuwar manhaja ba ta fita sai biyu cikin mu uku sun sa mata hannu da mabuɗansu, kuma ko ta fita ba ta fara aiki sai tara cikin goma na masu haƙa da shaidu sun karɓe ta. In aka tursasa, sarƙar bulon ta rabe gida biyu, kuɗin mutane ya zama iri biyu, kowa ya ji a jikinsa. To ka ga inda nake. Eskil ya ja nan, Joris ya ja can, hannu na biyun kuwa nawa ne.

Ranar Asabar Gunnvor, matar Eskil, ta kira mu cin miyar kifi. Da aka gama, ni da shi muna wanke kwanuka, sai ya ce, "To 'yar Kaftin, har yaushe za ki tsaya a tsakiyar gada?" Na ce har sai sun daina girgiza ta. Muka yi dariya. Daga nan na saki baki. Na ce da ninki biyu ne maimakon huɗu, wataƙila in sa hannu, don na gaji, wata rana ji nake kamar in jefa mabuɗin a teku in huta. Ya ce in zan jefa in bari ya kawo koma.

Muna cikin haka wayarsa ta yi ƙara a kan tebur, idona ya faɗa kan sunan. Malmros. Sverker Malmros ke nan, mai rumbunan haƙa mafi girma a arewacin Sweden, wanda ya fi kowa ƙaruwa in bulo ya girma. Eskil ya goge hannu ya fita baranda ba ko rigar sanyi, ya ja ƙofa. Da ya dawo kunnuwansa jawur, ya ce mai gyaran motarsa ne.

Na ci gaba da goge farantin da ya riga ya bushe.

Baba, kai ka koya wa Eskil tuƙa kwalekwale, a gabanka ya girma. Ka taɓa kama shi da ƙarya?

Ka kula da kanka, ka riƙa shan maganin a kan kari.

'Yarka mai ƙaunarka,
Torunn

Trondheim, ƙarshen Fabrairu

Babana,

Ina gaishe ka da kyau, da fatan wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Na ji daɗi da ka ce yanzu kana kaiwa har tashar jirgi ba sanda. Ka gaishe min da Inna Borghild, mahaifiyar Eskil, amma kada ka nuna mata wannan, ka san uwa da ɗanta.

Ka ce Eskil bai iya ƙarya ba, in ya yi kunnuwansa ke tona shi. Ai matsalar ke nan, Baba. A sanyin nan kunnuwan kowa ja ne.

Abubuwa sun lalace. Akwai dandalin da mutanen Kelda ke haɗuwa suna muhawara, kowa da sunan da ya ga dama. Sai ga wani ya ɓullo da sunan Hankaka, yana rubutu a matsayin ɗan ɓangaren babban bulo. Ga abin da ya sa: "Ku kwantar da hankalinku. Torunn ta gaji. Da bakinta ta ce ji take kamar ta jefa mabuɗinta a teku. Ninki biyu za ta fara sa wa hannu, sauran mu karɓa daga baya. Turi ɗaya ya rage."

A cikin bas na karanta, ina dawowa daga kai Oda makaranta. Maganata ce, har da tekun. Kuma a kicin ɗin nan mu biyu ne, Gunnvor da Steinar suna falo suna gardamar wasan sulun ƙanƙara.

Kafin rana ta raba zagi ya zo ta ko'ina. Masu son ƙaramin bulo suka ce an saye ni, masu son babba suka ce ina ja musu rai don farashina ya tashi. Wani ya sa hoton layinmu, da keken Oda a jingine da shinge. Steinar ya kai wa 'yan sanda ƙara, suka rubuta, suka ce mu sa ido.

A makon ne kuma sababbin shaidu suka fara fitowa da yawan gaske, dukansu suna nuna goyon bayan babban bulo. Joris ne ya gano cewa daga gida ɗaya na hayar kwamfutoci suke, wato mutum guda ne ya kunna su don a zaci jama'a ce. Ya wallafa, dandali ya rikice. Kowa ya ce aikin Malmros ne.

Joris ya kira ni, muryarsa a sanyaye. Ya ce, "Ba na son shiga tsakaninki da ɗan garinku. Tambaya ɗaya ce. Wa ke wurin lokacin da kika yi maganar?" Kafin in buɗe baki ya tare ni. Ya ce, "Shi ke nan, ba sai kin amsa ba."

Na nemi Eskil muka haɗu a gidan kofin nan na unguwar Bakklandet. Ko hula ban cire ba na ajiye masa wayar a gabansa. Ya karanta, ya ce ba shi ba ne.

Na ce, "To tukunyar miya ce ta kai labari?"

Ya ce, "Tora, ni kike faɗa wa haka?"

Na ce shi nake faɗa wa, kuma ina so in ji tun yaushe mai gyaran motarsa ya koma Malmros. Nan ya sunkuyar da kai. Ya ce Malmros kowa yake kira, har Joris, kuma ya ɓoye min ne don ya san yadda zan ɗauki abin. Na ce to ga shi na ɗauka. Ya rantse bai kai maganata wurin kowa cikin mutanensa ba. Na miƙe. Ina ɗaura mayafin wuya ya tuna min bikin 'yarsa Sunniva na watan Mayu, ranar da za a tabbatar da ita a coci, ya ce kada in manta ni na riƙe ta ranar baftisma. Na ce zan duba. Yarinyar da na goya, Baba, na ce wa ubanta zan duba.

Tun daga ranar ban yarda da komai ba. Na liƙe idon kyamarar kwamfutata. In zan yi maganar aiki sai na kai waya wani ɗaki. Shekaranjiya har Steinar na tambaya ko ya jiyo mu daga falo, ko ya ba wani labari a wurin aikinsa. Ya dube ni ya ce, "Ni ma na shiga layin ke nan?" Ya ɗauki igiyar kare ya fita, bai dawo ba sai da abinci ya huce.

Ka yi min addu'a irin taka, wadda kake cewa ba ka yi.

'Yarka,
Torunn

Trondheim, Maris

Baba,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya jiki, yaya iskar da aka ce ta ɗauke rufin rumfar kwalekwalen da ke ƙasa da gidanka? Busasshen kifin ya iso, na gode. Mun shirya da Steinar, shi ya dafa shi da dankali, ya ce in gaya maka gishirin ya yi daidai a karon farko a tarihi.

Wani abu ya fara damuna, kuma ba ni da wanda zan faɗa wa sai kai.

Na zauna na sake duba shaidun bogin nan da kaina. Malmros ba wawa ba ne. Yana da injuna a ƙasashe da dama, da shi ne da ya warwatsa su ta yadda sai an sha wahala a gane. Waɗannan kuwa an jera su wuri guda, kamar wanda ya kunna su yana so a kama shi. Sannan Joris ya fito da bayaninsa, da zane-zane tsaf, kafin ni in gama gane abin da nake kallo. Na san Joris. Mutum ne da zai kwashe mako yana gyara jimla ɗaya.

Sai na tambayi kaina wa ya ƙaru. Tun da Hankaka ya yi magana ni da Eskil ko gaisawa ba ma yi. Muddin ba ma gaisawa hannu biyu ba za su haɗu ba, bulo kuma ya tsaya yadda yake. Wannan ba shi ne burin Malmros ba.

Amma ta ina Joris zai ji abin da na faɗa a kicin ɗin Eskil? Nan nake tsayawa. Wata rana in tashi da zargin wannan, kafin in sha kofi na koma kan wancan.

Don haka na yi abin da ba za ka so ba. Na rubuta wa Eskil cewa wani banki a Oslo ya yi min tayin aiki, ina tunanin barin Kelda, kuma shi da Joris kaɗai na faɗa wa. Na rubuta wa Joris daidai wannan, sai dai na ce bankin a Zurich yake. Su biyun sun daina magana sai baƙar magana a dandali, ba za su gwada labarin ba. In Hankaka ya ambaci gari, na san bakin da ya ba shi.

Eskil ya amsa da layi ɗaya: "Oslo? Ke da kike cewa mutanen can ba su san kifi ba?" Joris kuwa ya jero tambayoyi, yaushe zan tafi, wa zai gaji mabuɗina, ko na riga na sa hannu a takardar aikin. Na karanta amsoshin biyu har na haddace su, kowacce in na so tana kama da ta mai gaskiya, in na so tana kama da ta mai laifi.

Roƙona ɗaya. In Inna Borghild ta tare ka a kanti ta ce ta ji zan koma Oslo, kada ka ƙaryata, ka ce ba ka da labari. Na san ban kyauta maka ba.

Ko wane ne ya faɗa cikin ramin nan, ni ce da asara.

Taka har kullum,
Torunn

Trondheim, Afrilu

Babana abin alfaharina,

Ina gaisuwa, ina tambayar lafiyarka da ta maƙwabta. Na ga faɗan da ka yi min a takardarka, na karɓa. Ka ce ba ka haife ni don in riƙa ɗana wa abokaina tarko ba. Haka ne. Amma bari ka ji.

Hankaka ya yi magana. Ya rubuta cewa 'yan babban bulo su shirya biki, Torunn ta samu kujera a Zurich.

Zurich, Baba.

Na kira Joris ta bidiyo da rana. Yana teburinsa yana cin burodi da cuku. Na ce, "Joris, wa ya san maganar Zurich?"

Ya ce, "Ni da Eskil mana, ke kika faɗa."

Na ce, "Eskil Oslo ya sani."

Ya ajiye burodin. Sannan ya ce, "Dabara mai kyau. Ban zaci kina da irinta ba."

Bai wahalar da ni ba. Hankaka shi ne, shaidun bogin ma nasa ne, ya kunna su ne don ya kama su da kansa a ɗora wa Malmros. Maganar kicin kuwa Eskil ne ya kai masa washegari, cikin murna, wai ga hanyar sulhu ta samu, Torunn za ta yarda da ninki biyu, shi ma ya sauko a haɗu a tsakiya. Joris ya ce, "Da na ji haka na san kun gama da ni. Su suna da injuna, suna da lauyoyi, suna da otal-otal da suke rufe ƙofa su yi taro. Ni me nake da shi? Tsuntsu ɗaya."

Na tambaye shi hoton layinmu da keken Oda. Ya rantse ba shi ba ne, fuskarsa har ta canja. Na yarda da shi a kan wannan, ban san dalili ba. Na ce amma shi ya nuna wa mahaukata hanya. Bai musa ba. Abin da ya ce kafin in kashe shi ne, "Bana biyu, baɗi huɗu, Torunn. Wata rana za ki duba ki ga shaidu ba su fi a zaunar da su a ɗaki ɗaya ba."

Abin da ya fi ci min rai, tsoron nan nasa ni ma ina da shi.

Na tafi gidan Eskil a ƙafa. Gunnvor ce ta buɗe, ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Kin zo yi wa tukunyata tambayoyi ne?" Na ce na zo ba ta haƙuri ne, ita da mai ita. Ta kauce ta ba ni hanya, amma ba ta yi min tayin kofi ba, ka kuwa san abin da wannan ke nufi a wurin Gunnvor.

Na same shi a gareji yana ɗaure katakon sulun ƙanƙara zai ajiye. Na ba shi labari duka. Na tambaye shi me ya hana shi faɗa min tun a Bakklandet cewa ya gaya wa Joris. Ya ce, "Kin shigo da hukuncinki a aljihu. Da na ce na faɗa wa wani, ko wane ne shi, da kin tsaya jin sauran?" Ya ƙara da cewa shi ma bai kawo Joris a ransa ba, tunda Hankaka da muryar ɓangarensu yake magana, mutanensa ya yi ta zargi.

Can ya ce, "To Oslo fa?"

Na ce babu Oslo.

Ya ce, "Ni kuwa har na sa ƙanen Gunnvor ya fara nema miki gida kusa da makaranta mai kyau." Ya ci gaba da ɗaurinsa. Da ya zage ni da ya fi min sauƙi.

Mun zauna a makon mun daidaita. Ninki biyu, tare da sharaɗin cewa ba za a ƙara ko kaɗan a gaba ba sai an sake komawa ga jama'a daga farko. Muka sa hannu. Eskil ya ce in bar shi ya rubuta wa dandali abin da Joris ya yi, na ce a'a, ni zan rubuta, don kada ya zama makami. Na faɗi abin da ya faru ba ƙari, na kuma rubuta dogon sakin layi cewa ƙaryar Joris ba ta mayar da damuwarsa ƙarya ba. Babu wanda ya karanta wannan sakin. An karɓe mabuɗinsa.

Yanzu magana ta koma hannun masu haƙa da shaidu. Mu dai jira ne namu.

Ka ce wa Inna Borghild ba inda za ni.

'Yarka,
Torunn

Trondheim, ƙarshen Yuni

Baba na kaina,

Gaisuwa irin ta 'ya da uba. Yaya ƙarfin jiki, yaya lambun dankalin? Na sa maka hotunan bikin Sunniva a cikin ambulan, tunda gwiwa ta hana ka zuwa. Ka ga yadda kayan gargajiyar kakarta suka zauna mata. Gunnvor ta zuba min kofi da hannunta ranar, har da ƙari.

An gama ƙuri'a. A farkon watan nan aka kai tara cikin goma, sabon bulo ya fara aiki lafiya. Joris da wasu 'yan tsiraru sun ɓalle da tasu ƙaramar sarƙar, ba wanda ya hana su, dama haƙƙinsu ne. Layi ya ragu, kuɗin aike ya sauko. Matar da ke gidan kofin Bakklandet ta mayar da alamar Kelda a tagarta. Ya kamata a ce wannan takardar murna ce.

Ranar Lahadi Eskil ya ce mu taka bakin kogi. Rana ta fito, kowa ya zubo waje. Ya saya mana askirim, muka zauna kan benci kusa da tsohuwar gada. Sai ya ce, "Akwai abin da nake so ki ji daga bakina, ba daga wani tsuntsu ba." Malmros ya ba shi aiki, shugaban injiniyoyinsa a garin Luleå, can Sweden. Ya karɓa. A watan Agusta za su tashi.

Na ce ina taya shi murna. Na tambayi mabuɗinsa, ya ce zai ci gaba da riƙewa, dokarmu ba ta hana ba, kuma gaskiya ne ba ta hana ba, don lokacin da muka rubuta ta babu wanda ke ba irinmu aiki. Sannan ya kawo maganar mabuɗi na uku da ke ajiye. Ya ce yana ganin a ba Kadri Oja, wata 'yar garin Tartu da ke taimaka mana da gyaran manhaja. Kowa yana yabonta, ni ma na sha yabonta. Shi ne ya kawo ta cikinmu tun farko.

Ka lissafa da kanka, Baba. Hannu biyu cikin uku. In ta kasance tasa ce, ba a ƙara bukatar nawa.

Tambaya ɗaya ta zo min har bakin harshe: yaushe Malmros ya yi masa tayin? Ban yi ta ba. In ya ce makon jiya, ba zan yarda ba. In ya ce tun hunturu, ban san yadda zan tashi daga bencin ba. Ina zaune askirim yana narkewa a hannuna ina tunanin ko dama biyun suke so, suka fara da huɗu don in ji kamar ni na ci nasara. Ba ni da hujja ko ɗaya. Wancan karon ina da abin da ya yi kama da hujja sosai, kuma na zalunci mutumin nan, na sa matarsa kuka. Yana iya yiwuwa kawai uba ne mai 'ya'ya da aka ba aiki mai kyau bayan ya sha wahala. Na fi son haka ya kasance.

Sai na ce masa ban yarda mu biyu mu naɗa kowa ba. Na ce a mayar da mabuɗan biyar, sai uku sun haɗu, shaidu su zaɓi sababbin da kansu, kuma duk kamfani ɗaya kada ma'aikatansa su riƙe fiye da mabuɗi guda. A wurin na ƙirƙiro shi, amma ina faɗa na ji ya zauna. Na gyara zama ina jiran gardama, don na san Eskil, ko kan hanyar da za a bi zuwa kanti sai ya ja.

Ya lashi askirim ɗinsa ya ce, "Madalla. Rubuta, in sa hannu."

Nan take, Baba. Ko tambaya ɗaya bai yi ba. Steinar ya ce wannan ya isa ya nuna min mutumin ba shi da wata manufa, in bar kaina in huta. Wataƙila. Ko kuma ya riga ya san waɗanda shaidu za su zaɓa. Da ya ɗan yi min gardama, da hankalina ya fi kwanciya.

Za mu shigo jirgin Juma'ar farko ta Yuli, mu uku da kare. Ka fito da kwalekwale, Oda tana son ka kai ta kamun kifi. Eskil ma zai zo wurin mahaifiyarsa a makon, ya ce zai leƙo ya gaishe ka. In ya zo ka ba shi kujerarsa ta kullum. Ni zan dafa kofin, zan kuma zauna tare da ku.

Sai mun zo. Allah ya ƙara maka lafiya.

'Yarka mai kewarka,
Torunn